Allah Ya Ja Zamanin Mai Cewa Mutane Sun Ƙare

A kowace majalisa ta Babura akwai mutum ɗaya da bai taɓa samun godiyar da ta dace da shi ba. Yana teburin mai shayi, yana gindin darbejiyar bakin tasha, yana ƙofar masallaci tsakanin Magariba da Lisha. A wani wurin dattijo ne mai furfura, a wani wurin saurayi ne da ko gemu bai gama haɗawa ba, a cikin gida kuwa sau da yawa gwaggo ce mai zaure uku a WhatsApp. Kamanni daban-daban, aiki ɗaya. Shi ne yake fara jin mugun labari, shi ne yake fara isar da shi, kuma shi ne yake rufe shi da hukuncin da yaranmu suka haddace tun kafin su iya lissafin canji: "Ai mutane sun ƙare. Yanzu ba wanda za ka yarda da shi."

Bashinsa ya yi mana yawa, kuma tun da ba wanda ya tashi biya, bari ni in fara.

Ranka ya daɗe, gaishe ka da aiki. Gaishe ka da rashin barci. Kafin ladan ya kira assalatu ka riga ka farka, ba don nafila ba, don ka leƙa ka ga inda aka kashe mutane cikin dare. Manomin Kanya Babba yana saɓa fartanya ya nufi gonar geronsa, kai kana ɗaukar waya ka nufi Zamfara, ka zarce Filato, ka biya ta Sudan, ka dawo kafin ruwan shayi ya tafasa, hannunka cike da gawawwaki. Kuɗin da wani zai sayi sabulu da shi kai data kake saya, duk don kada wani yaro a garin nan ya wayi gari hankalinsa a kwance. Tun da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991 an karrama gwamnoni, an karrama attajirai, an karrama 'yan ƙwallo, amma ko takardar yabo ba a taɓa miƙa maka ba.

Mahassada suna cewa kai maƙaryaci ne. Ƙazafi suke yi maka. Galibin abin da kake kawowa ya faru. An kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, ba kai ka ƙirƙira ba. An kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021. An tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa gida yin Sallah, aka kashe su. Mutumin Gwiwa ko Roni da yake kwana da sanin cewa Katsina tana bayan gonarsa, in gabansa ya faɗi ba hauka ya yi ba, kuma duk wanda ya ce wa yaro babu abin tsoro a ƙasar nan ya cuce shi. Ɗan koyo ne yake buƙatar ƙarya. Kai gwanintarka a tsinta take. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kai ne ka gano cewa in aka zubar da garin aka riƙe waken ana nuna wa jama'a, an huta da tuƙa tuwo.

Dubi yadda ka yi da Majiya. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a garin, cikin ƙaramar hukumar Taura, waɗanda masarautarmu ɗaya da su ta Ringim. Mutane suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Kafin gari ya waye ka gama rarraba bidiyon wutar, ba ka rufe fuskar ɗan kowa ba, ka ɗora masa hukunci: kwaɗayi, son banza, ga halin mutanenmu nan. Ba ka ɓata lokaci wajen tuna cewa a watan litar fetur ta haura Naira 1,000 ba, balle ka tambayi me zai fitar da magidanci da bokiti tsakar dare ya tunkari abin da ya san yana ci da wuta. Inda na fi sara maka kuwa shi ne shirun da ka yi a kan ragowar daren. Waɗanda suka ƙone ba da ƙafarsu suka je asibitin Ringim da na Haɗeja ba. Wasu hannaye ne suka ɗaga su, wasu motoci ne suka kai su, wasu ma'aikatan jinya ne suka kwana a tsaye a kansu. Washegari wasu ne suka jeru sahu-sahu suka sallaci gawawwakin da da yawansu ba a iya gane na wane ne. Da ka nuna wa samari wannan ɓangaren da ka ruɗa su. Da sun fara zaton cewa a dare ɗaya, a gari ɗaya, ana samun kwaɗayi da jinƙai tare, wani lokacin ma a jikin mutum ɗaya. Irin wannan tunani yana sa ciwon kai, kai kuma ka kare su daga shi.

Amma aikin da ya fi kowane fice a sana'arku, wanda ya cancanci a buɗe masa sashe a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Babura, shi ne na watan Yunin 2018 a Filato. Ranar 23 ga watan aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, aka kashe mutane da yawa. Nan da nan hotuna suka cika Facebook. Daga baya binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon da suka fi tayar da hankali, na wani mutum da aka fasa wa kai, ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo-Brazzaville ne, tun 2012. Washegarin harin matasa suka tare hanya a wajen Jos suna fito da matafiya Musulmi daga mota suna kashewa. Bidiyo mai shekara shida, daga wata ƙasa, ya taimaka wajen kashe mutanen da suka fito neman abincinsu. Wane maƙeri ne ya taɓa ƙera makami mai nisan zango haka?

A nan ne na gane cewa sana'arku ita kaɗai ce a Najeriya ta gama da ƙabilanci. Takwaranka na can yana gaya wa nasa samarin cewa Hausawa da Fulani ba mutane ba ne, kai kana gaya wa naka cewa su ne ba mutane ba. Kalmominku iri ɗaya, hotunanku ma wani lokacin iri ɗaya, rubutun ƙasa kawai ake canzawa. Da za ku haɗu da kun rungumi juna.

A ranar 23 ga Yunin nan dai, a ƙauyen Nghar Yelwa, wani tsoho mai shekara 83 ya nemi ya ɓata muku aiki. Liman Abubakar Abdullahi ya ga maƙwabtansa Kiristoci suna gudu, ya buɗe musu gidansa da masallacinsa, mutum 262. Da maharan suka iso ya tsaya musu a ƙofa yana roƙo, ya ƙi miƙa kowa. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo. Ka yi daidai da ba ka tura labarinsa ko zaure ɗaya ba. Ranar da wani yaro mai rawar kai ya kawo zancen majalisa kuwa, amsarka ta burge ni: "Ai irinsu ɗaya ne cikin dubu." Ba wanda ya tambaye ka yaushe ka yi ƙidayar.

Kada a manta da hidimarka ga lafiyar al'umma. Wa zai manta daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, ana cewa kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha? Masu hawan jini suka ɗirka, aka kwashi wasu zuwa asibiti, aƙalla mutum biyu suka rasu. Kai ka isar da saƙon, tsakaninka da Allah, har da "a yaɗa don ceton rai". A daidai kwanakin nan, wata likita a Legas, Dokta Ameyo Stella Adadevoh, tana kwance da cutar. Ita ce ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da Ebola daga Laberiya, duk da matsin da aka yi mata, don kada ya fita ya watsa wa jama'a. Ta rasu ranar 19 ga Agusta. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar, mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, a ƙasar da motocin Legas suke kwana a Kano kullum. Ba 'yar garinmu ba ce, ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, ta ba da ranta cutar ba ta iso tashar Babura ba. Tambayi samarin majalisarka su goma wa ya san sunanta. Amma labarin gishiri har gobe ana ba da shi ana dariya. Wannan ita ce nasara.

Kafin nan akwai rigakafin shan inna. A 2003 magabatanka suka ce maganin yana hana haihuwa. Tsoron yana da tushe, domin Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma ku kun san yadda ake gina bene a kan tushe ƙarami. Aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu ƙasashe kusan 20, har Indonesiya. Ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mata. Hankali ya ce daga ranar a daina. Amma wasu mata marasa jin magana suka sake rataya akwatin sanyi, suka ci gaba da shiga gida-gida, ana zaginsu a zaure, suna ɗiga wa 'ya'yan masu zagin magani, suna shafa alli a bango. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Haka aka yi da kurkunu. Ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 ta sami mutum fiye da 650,000 ɗauke da shi a Najeriya, cutar da ke kwantar da manomi daidai lokacin da gona take nemansa. Aka yi ta tace ruwa, ana haƙa rijiyoyi, Janar Yakubu Gowon yana bin ƙauyuka tare da Cibiyar Carter, har aka ga na ƙarshe a 2008, aka ba ƙasar shaidar rabuwa da shi a 2013. Saurayin Babura na yau bai taɓa ganin ana naɗe tsutsa a tsinke daga ƙafar ubansa ba, don haka bai san an yi masa komai ba. Kai kuma Allah ya yi maka kawaici, ba za ka tuna masa ba.

Mu da ke bakin iyaka muna da tamu shaidar ta musamman. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta. A makonnin nan ka kai ƙololuwa. Kullum dare kana da ranar da za a fara, kana da hanyar da tankokin yaƙi za su bi su nufi Magarya, kana da muryar wani "babban soja" da ba a faɗi sunansa ba. Mata suka daina barci. Sai wasu suka shiga tsakani suka lalata shirin. Sanatocin Arewa suka ce ba su yarda ba, Muhammadu Sanusi II ya tafi Yamai ya gana da Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya bi baya. Yaƙin bai zo ba. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumi, a Maris Najeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar. Ba ka dawo ka ce wa kowa ya yi haƙuri ba, domin babban mutum ba ya waiwaye. Duk tsawon rufewar kuwa mutanen iyaka ba su daina rashin kunyarsu ba: ana rasuwa a can ana hawa mashin daga nan a bi ta gona a je gaisuwa, ana ɗaura aure a nan dangin amarya suna zuwa daga can. Halin gado ne. A yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyaka, mutane sun kwararo kudu neman abin kai wa baka, kuma ba a kan bishiya suka kwana ba. Zauren wani suka kwana, tuwon wani suka ci.

Yanzu in zo ga kyautar da ta fi kowace girma, wadda saboda ita samari suke kewaye ka. Ka sauke musu kaya. Zama mutumin kirki aiki ne mai gajiyarwa. Sai ka je gayya, sai ka je jana'iza da rana tsaka, sai ka mayar da canjin da aka yi kuskuren ƙara maka, sai ka tsaya in ka ga mashin ya faɗi a hanya, sai ka miƙa hannu a ɗebi jininka saboda matar da ba ka sani ba tana kan gwiwa. A da, abin da ke sa yaro ya jure wannan wahala shi ne yana ganin haka kowa yake yi, yana kuma sa ran ranar da tasa ta zo za a yi masa. Kai ka zo ka kwance wannan ƙullin da magana ɗaya. In mutane sun ƙare, wa za a yi wa alheri? In kowa ɓarawo ne, wanda bai ɗauka ba shi ne sakarai. In duk 'yan siyasa ɗaya ne, karɓi taliyarka da 'yar Nairarka ka dangwala inda aka ce. In ƙasar ta riga ta mutu, karatun me, koyon sana'ar me? A sayar da gonar gado a bi ta Agadas, ko a nemi ƙwaya a sha a kwanta. Yaro ya zo majalisarka da nauyin iyaye da maƙwabta da gari a kansa, ya tashi sakayau, ba ya jin kowa yana binsa komai. Har ma yana ganin ya fi ubansa wayo, tsohon da har yanzu yake ba da aron garma ba tare da shaida ba.

Akwai ma waɗanda ya kamata su riƙa aiko maka da goron Sallah. Mai neman yaran da zai ba bindiga ba ya farawa da bindiga. Sai an fara gamsar da yaro cewa mutanen da zai tunkara ba su da sauran amfani, cewa da su ne suka same shi ba za su raga masa ba. Wannan sharar gona ce mai wuya, kai kuma kana yi musu ita kyauta, kullum, da kuɗin datarka.

Shi ya sa nake jinjina wa yadda kake kashe duk wani labari da ya nemi tayar da zaune tsaye. A 2023 wani matashi direban A Daidaita Sahu a Kano ya mayar da kuɗi kimanin Naira miliyan 15 da wani fasinja ɗan Chadi ya manta a kekensa. A shekarar dai wata alhajiya 'yar Zamfara ta tsinci dala 80,000 a Saudiyya ta miƙa wa jami'ai. Majalisa ta ɗan yi tsit, na ga idon wasu yara ya fara haske. Kai ka kurɓi shayi ka ce, "Talauci ya bi shi har gida. Ita kuma ai don ta san akwai kyamara ne." Aka fashe da dariya, haɗarin ya wuce. Wanda ya yi mugunta, ka ce ga halin mutane. Wanda ya yi alheri, ka ce wawa ne ko neman suna yake. Ta ko'ina aka biyo kai ke da gaskiya, ko alƙalin alƙalai bai sami irin wannan kujera ba.

Sai dai, ranka ya daɗe, wajibi ne in kai maka rahoton wasu miyagu da ke yi wa aikinka zagon ƙasa a cikin garin nan, da rana tsaka. Akwai matar da kullum dare take zuba tuwo a ƙoƙon almajirin da ba ta san garin ubansa ba. Ba yabon barin yara a titi nake yi ba, wannan abin kunya ne da ke wuyan iyaye da hukuma. Amma a tambaya: yaran nan da ba su da kowa a gari, da me suke rayuwa in ba da hannun matan da ka ce sun ƙare ba? Akwai uwar adashi, wadda mata suke kai wa kuɗin ƙuli-ƙuli da na awara duk mako, ba takarda, ba lauya, ba ɗan sanda, kuma kwasa tana zagayowa. Akwai mai shago da littafin bashinsa da ya yi kauri kamar zai fashe, ya san rabin sunayen ciki sai kaka, wasu ma sai lahira, amma gobe zai sake auna musu gari. Akwai masu haƙa kabari. Ka taɓa jin an bar gawa a Babura ta kwana saboda ba a biya kuɗin haƙa ba? Ka leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga ɓarna: mutum ya koro shanu daga Nijar, ya sauka wurin mai masaukinsa, a sayar da dabbar miliyoyi ga baƙon da ya taso daga Kudu, da musafaha da "Allah ya sa albarka". Waɗannan mutane ba sa ɗaukar hoto, ba sa turawa, shi ya sa ba ka lura da su ba. Amma suna da yawa fiye da yadda kake zato, kuma ba sa hutu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jarumtarka, yadda kake rayuwa a tsakiyar waɗannan mutanen da ba abin yarda ba. Shayin da kake sha kana yanke musu hukunci bashi ne, mai shayin bai taɓa yi maka maganarsa a gaban mutane ba. Wayar da kake harbo labarin da ita, a shagon caji kake barinta tsakanin wayoyi hamsin, ka tafi sallah, ka dawo ka same ta. In za ka Kano, kana shiga motar direban da ba ka san sunansa ba, kafin a wuce Kanya ka yi barci bakinka a buɗe. In za ka aika wa ɗanka kuɗi a makaranta a Kazaure, a tasha kake miƙa wa yaron mota ƙullin leda, ka ba shi lambar waya, ka juya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, samarin da ka koya wa cewa kowa tasa ta fishshe shi suka manta karatun, suka cicciɓe ka zuwa asibiti. Ka yafe musu, yara ne, ba su gama ƙwarewa ba.

Ku kuma samari, ku riƙe malaminku da kyau, ku guji wasu munanan ɗabi'u da ke rushe ilimin da yake ba ku. Kada ku kuskura ku tambaye shi a ina abin ya faru, yaushe, wa ya gani da idonsa. Rashin ladabi ne, kuma yana iya sa bidiyo ya tsufa a hannunsa. Kada ku zauna da kakanninku ku ji yadda aka yi yunwar 1973 da wanda ya raba hatsin rumbunsa, tsofaffi suna da son ɓata wa mutum baƙin cikinsa. Mafi haɗari duka, kada wani ya kwanta da dare ya ce zai ƙirga mutanen da suka yi masa alheri daga asuba zuwa Lisha, tun daga wanda ya ɗebo ruwan alwalar masallaci har wanda ya rage masa hanya, sannan ya ƙirga waɗanda suka cuce shi a yinin. Lissafin ba ya fitowa yadda Malam ya ce, kuma wanda ya saba da shi yakan wayi gari ya ji yana son ya yi wani abin kirki, daga nan kuma sai wahala.

Shawarata ita ce a naɗa shi. Ba sai mun dami fada ba, mu yi abinmu a majalisa: Sarkin Firgita na Babura da Kewaye. Rawani za mu aro wurin liman. Tabarmi a ɗauko na masallaci, kujeru na makarantar firamare. Tela zai ɗinka babbar riga, a biya shi bayan an cire riɗi. Matan unguwa za su haɗo tukwane, wata ta kawo shinkafa, wata mai, wata itace, su kwana suna girki. Samari za su kafa rumfa su share fili, wani zai kawo janareta da fetur ɗinsa, wani zai ba da aron doki. Na san za su kawo, domin haka suka saba, an yi musu wa'azi shekara da shekaru sun ƙi ji.

Roƙona ɗaya ga kwamitin shirye-shirye: a karɓe wayoyin jama'a a ƙofa. In hoton taron nan ya fita, yara suka ga gari guda ya taru yana yi wa mutum ɗaya hidima ba ko sisi, an rushe wa Sarki aikin shekara goma a yini ɗaya. Tasa kaɗai za a bar masa, da caji cike, don kada a kashe wani a wani wuri yana kan doki bai sani ba.